Allon Zane Marar Sikirin, Mai Sikirin, ko Tabilet Mai Alƙalami: Wanne Ya Dace da Mai Fara Zane a Bauchi?

Duk wanda ya yi niyyar ajiye takarda da fensir ya koma zane a kwamfuta, da zarar ya fara tambayar farashi zai tarar da kaya iri uku waɗanda masu sayarwa ke kira da suna kusan ɗaya, alhali aikinsu da kuɗinsu sun sha bamban. Na farko shi ne allon da ba ya nuna komai: ana jona shi da kwamfuta, hannu yana zane a kansa, ido yana kallon sikirin ɗin kwamfutar. Na biyu allo ne mai sikirin nasa, wanda ake zane kai tsaye a kan hoton, amma shi ma ba ya motsi sai an jona shi da kwamfuta. Na uku shi ne tabilet mai cin gashin kansa, irin iPad ko Galaxy Tab, wanda yake ɗauke da batir da manhajarsa. Tsakanin mafi araha da mafi tsada a cikinsu ana iya samun ninki goma ko fiye, don haka kuskure a nan ba ƙaramar asara ba ce.

Abubuwan da za a auna kafin a fitar da kuɗi

Tambayar farko ba ta shafi allon ba, ta shafi abin da mutum yake da shi a ɗaki. Wanda yake da laftof, ko da tsohuwa ce wadda ya yi aikin makaranta da ita, yana kan wata hanya, wanda kuma ba shi da komai sai wayar hannu yana kan wata hanya dabam. Alluna biyun farko ba kwamfuta ba ne, madadin linzamin kwamfuta ne kawai, kuma idan babu abin da za a jona su da shi, kwali aka saya.

Ta biyu ita ce wuta. Mazaunin Gwallameji ko Yelwa ko Fadaman Mada ya san cewa ba shi yake tsara lokacin da za a kawo wuta ba, kuma zane aiki ne na zama mai tsawo, awa uku ko huɗu a kan hoto guda. Na'urar da ke zuƙe batirin laftof cikin gaggawa za ta tilasta wa mai ita sayen mai a janareto ko neman shagon da yake da sola.

Ta uku kuɗi ne, amma kuɗin gaba ɗaya: da na alƙalami idan ba ya cikin kwali, da na waya, da na manhaja, da na kawowa daga Kano ko Legas. Zan riƙa kawo farashi da dala, kuma ƙiyasi ne, domin tun da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023 farashin kayan waje ba ya kwana wuri ɗaya; mai karatu ya lissafa da canjin ranar da zai saya, ya ƙara ribar ɗan kasuwa a kai.

Sai ƙarko da gyara, wato yadda na'urar za ta jure ƙurar hunturu da zafin watan Maris da Afrilu, da kuma ko akwai mai iya taɓa ta a nan idan ta samu matsala. Daga nan sai sauƙin koyo, sai haɗarin da ke tattare da sayen kansa, musamman ga mai neman na hannu.

Akwai abu ɗaya da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali wanda ban sa shi cikin ma'auni ba, wato adadin matakan ƙarfin dannawa: 2048, 4096, 8192, yanzu har da 16384. Abin da lambar ke nufi shi ne yadda layi ke yin kauri idan an danna alƙalami, ya kuma sirance idan an sassauta. Hannun mai koyo ba ya rarrabe 4096 da 8192, kuma ƙwararru sun shekara da shekaru suna fitar da aiki mai kyau da 1024 da 2048. Abin lura na gaske shi ne alƙalamin ya kasance marar batir. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya yi suna da wannan fasaha, inda alƙalami ke samun ƙarfinsa daga allon ta hanyar maganaɗisu, kuma a yau Huion da XP-Pen na China duk sun koma kanta. Tsofaffin samfura masu cin ƙaramin batir, irin Huion H420, har yanzu suna yawo a kasuwa da farashi mai jan hankali, amma gara a bar su.

Allo marar sikirin

Wannan shi ne mafi araha da nisa. Ƙanana, masu filin zane na kusan inci 6 da 4, irin su Huion H640P da XP-Pen Star G640 da ƙaramin One by Wacom, suna kamawa daga dala 30 zuwa 60. Matsakaita masu inci 10 da 6, irin XP-Pen Deco 01 V2, ba su cika wuce dala 100 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka suke. Wacom ya fi tsada a kan kowane inci: kuɗin da zai sayi ƙaramin Intuos ɗinsa zai sayi matsakaicin Huion ko XP-Pen mai maɓallai takwas. Abin da ake biya a Wacom shi ne daɗewar suna da manhajar direba (wadda ke sa kwamfuta ta gane allon) mai kwanciyar hankali, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ta shekarun baya ba.

Wajen wuta babu abin da ya kama ƙafarsa. Ta wayar USB guda yake shan ɗan abin da yake buƙata, kuma da wuya mutum ya lura da bambanci a batirin laftof. Wajen ƙarko ma haka ne, tunda babu gilashin da zai fashe, babu batirin da zai kumbura, ƙura kuma da tsumma ake share ta. Wurare biyu ne kawai suke gajiya. Ɗaya shi ne ramin da wayar ke shiga, wanda ke sakin jiki idan ana yawan fizgar ta ko ana naɗe ta a jikin allon a cusa cikin jaka. Ɗayan kuma bakin alƙalami ne, ɗan tsinken roba da ke cinyewa a hankali har gefensa ɗaya ya zama kamar an fere shi da reza. Idan ya kai haka yana fara karce fuskar allon, sai a zare shi da ɗan zoben ƙarfen da ke zuwa a kwali a sa sabo. Yawancin kamfanoni suna haɗowa da wasu na canji, kuma ya kamata a ɓoye su da kyau, domin ba abu ne da za a shiga Wunti ko Muda Lawal a tambaya a samu nan take ba. Ƙurar hunturu tana ƙara saurin cinyewar, don haka share allon kafin a fara aiki ba ƙaƙale ba ne.

Inda wahalarsa take shi ne koyo. Mutum ya saba tun yana yaro idonsa yana kan bakin alƙalaminsa, sai ga shi yanzu hannu yana kan tebur ido yana sama. A kwanakin farko za ka yi niyyar rufe da'ira sai ƙarshenta ya wuce farkonta, ka nufi kusurwar ido sai layin ya sauka a kan kunci. Akwai kuma wani abu da ke rikita masu zuwa daga linzami: kowane wuri a allon yana da takwaransa a sikirin, kusurwar hagu ta sama ita ce kusurwar hagu ta sama, don haka ba a jan alƙalami a ɗaga a sake ja, ana kai shi ne kai tsaye inda ake so, yana shawagi kaɗan a saman allon. Mafi yawan mutane suna sabawa cikin 'yan makonni idan suka ajiye linzamin gaba ɗaya suka riƙa yin komai da alƙalamin, har buɗe fayil da rufe shi. Waɗanda suke kasawa galibi su ne masu ɗauko shi sau ɗaya a mako. A ɗaya gefen kuma, wannan rabuwar ido da hannu tana da ribar da ba a cika faɗa ba: mutum yana zama a miƙe, wuyansa ba ya sunkuye, hannunsa kuma ba ya rufe masa abin da yake zanawa.

Game da girma, shawarata ita ce matsakaici ga duk wanda aljihunsa ya kai. A kan ƙaramin allo, motsi kaɗan na yatsa yana zama dogon layi a sikirin, kuma duk rawar hannu tana fitowa fili. Ƙaramin ya wadatar ga laftof mai inci 13 ko 14, ko ga malamin da yake son rubuta lissafi yana koyarwa ta intanet, amma mai zanen doguwar riga ko aikin wuyan babbar riga zai fi sakewa a kan babba.

Da yawa daga cikin sababbin samfuran Huion da XP-Pen suna aiki da wayar Android ta ɗan mahaɗin OTG mai jona kayan USB da waya, kuma wannan ƙofa ce ga wanda ba shi da kwamfuta ko kaɗan. Sai dai a san iyakarta: dole wayar ta yarda da OTG, a wasu alluna wani yanki ne kawai na filin ke aiki, a wasu wayoyin kuma ɗan alamar da ke nuna inda alƙalami yake ba ya bayyana, ga shi sikirin ɗin waya ƙarami ne. Hanya ce ta farawa kafin a samu laftof, ba wurin zama ba.

Allo mai sikirin

A nan ido da hannu sun sake haɗuwa, kuma wanda ya iya zane a takarda zai ji ya dawo gida tun ranar farko. Masu inci 12 zuwa 13, irin su Huion Kamvas 13 da XP-Pen Artist 12, suna tsakanin dala 200 da 300, na Wacom kuma sun ɗara haka. Wannan kuɗin allon ne kaɗai, kwamfuta tana nan tana jira.

Matsalarsa ta farko ita ce jonawa. Yana buƙatar hoto ya fito daga kwamfuta, don haka sai da ramin HDMI tare da USB, ko kuma USB-C irin wanda yake ɗaukar hoto, kuma ba kowane USB-C ne ke yin hakan ba. Tsofaffin laftof na ofis da suka cika kasuwar tokumbo wasunsu VGA ko DisplayPort kawai gare su, sai an nemi mahaɗi. Wayar da ke zuwa da shi sau da yawa mai kai uku ce ta musamman, idan ta tsinke kuwa ba a maye gurbinta da wayar caji, sai an yi oda an jira.

Ta biyu ita ce wuta. Sikirin na biyu ne ake kunnawa, kuma idan daga laftof yake sha, batirin da ke kai awa uku ba zai kai ba. Ga mai shago da yake da sola ko inbata wannan ba komai ba ne, amma ga ɗalibin da ke ɗakin haya shi ne zai yanke masa awannin aiki. A lokacin zafi kuma gilashin yana ɗumama a ƙarƙashin hannu, gumi yana sa tafin hannu ya manne, shi ya sa ake sa 'yar safar hannu mai rufe yatsu biyu.

Wajen ƙarko shi ne ya fi ba ni tsoro a cikin ukun. Idan gilashin iPad ko Samsung ya fashe, akwai masu gyaran waya da za su iya nemo wani daga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja. Gilashin Kamvas ko Artist kuwa ba kaya ne da ke yawo a kasuwar waya ba, kuma garantin kamfani ba shi da amfani sosai idan sai an mayar da kaya ƙasar waje. Wanda zai saya ya nemi mai gilashi manne da sikirin, domin a tsofaffin samfura akwai 'yar tazara tsakanin bakin alƙalami da inda layin ke fitowa, tana kuma ƙaruwa a gefe-gefe.

Tabilet mai cin gashin kansa

Wannan shi ne amsar matsalar wuta da ta kwamfuta a lokaci guda. Ana cajinsa kamar waya, fawa-bank yana iya tayar da shi, kuma caji ɗaya yana ɗaukar awanni masu yawa. Ana iya zama da shi a zaure ko a ɗakin karatu na jami'ar ATBU ba tare da neman soket ba.

A ɓangaren Samsung, Galaxy Tab S6 Lite, wanda ya fara fitowa a 2020 da sikirin mai inci 10.4 a kan kusan dala 350, yana zuwa da S Pen a cikin kwali, alƙalamin kuma fasahar Wacom ce, ba ya buƙatar caji kafin ya yi rubutu. Tab S9 FE na 2023 ya fi shi ƙarfi, an kuma gina shi ya hana ƙura da ruwa shiga, abin da ke da daraja a garin da ake hunturu irin namu. A yi hattara da jerin Tab A masu araha, domin yawancinsu ba sa aiki da S Pen, kuma alƙalamin roba na taɓa sikirin da wasu ke haɗawa da su ba ya jin dannawa sam.

A ɓangaren Apple, abin da ke jan mutane shi ne Procreate, manhajar zane da wani kamfani na Tasmaniya a Ostareliya ya fitar a 2011, wadda ake biya sau ɗaya kusan dala 13, kuma a iPad kaɗai take. Amma alƙalamin daban ake sayensa, kuma nan ne ake yawan faɗawa rami. Apple Pencil ya fito a 2015 tare da iPad Pro, iPad na gama-gari bai fara karɓarsa ba sai ƙarni na shida a 2018, don haka iPad Air 2 ko ƙarni na biyar da ake tallatawa da araha ba za su yi ba. Kowane alƙalami yana da iPad ɗin da yake bi, kuma mai USB-C na 2023, duk da ya fi araha, ba ya jin ƙarfin dannawa, wanda shi ne ginshiƙin zane. Sabon iPad mafi araha da alƙalaminsa sukan haura dala 400.

Haɗarin na hannu a nan ya fi na ko'ina. iPad ɗin da tsohon mai shi bai cire asusunsa na iCloud ba a kulle yake, haka ma Samsung mai kulle da asusun Google, saboda haka a sa mai sayarwa ya goge na'urar ya tayar da ita daga farko a gaban ido kafin a tura kuɗi. Batiri kuma yana tsufa, zafi yana gaggauta tsufansa. Tabilet ɗin da gilashinsa ya ɗan ɗago a gefe alama ce ta batirin da ya kumbura.

| | Marar sikirin | Mai sikirin | Tabilet |
|---|---|---|---|
| Ƙiyasin farashi | dala 30 zuwa 100 | dala 200 zuwa 400 | dala 250 zuwa 500 |
| Buƙatar kwamfuta | E, ko wayar Android | E, mai HDMI ko USB-C na hoto | A'a |
| Cin wuta | Kaɗan ƙwarai | Mai yawa | Batirinsa ne |
| Ƙarko | Mai kyau sosai | Gilashi da waya masu rauni | Gilashi da batiri |
| Gyara a kusa | Da wuya a buƙata | Mai wahala | Ana iya samu |
| Sabawa | 'Yan makonni | Nan take | Nan take |
| Babban haɗari | Gajiya a daina | Fashewa, rashin mahaɗi | Kulle, alƙalamin da bai dace ba |

Manhaja da gwaji

Zaɓin na'ura yana jawo zaɓin manhaja. A kwamfuta, Krita kyauta ce gaba ɗaya, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma ta ishi mai koyo har ya zama ƙwararre. Babu dalilin ɗaukar nauyin kuɗin wata-wata na Photoshop da dala tun ba a fara samun ko sisi daga zanen ba. A Android akwai ibisPaint X da Sketchbook, Krita ma tana aiki a tabilet. Amma wanda aikinsa zai ƙare a wurin masu buga katin biki da fosta ya tuna cewa CorelDRAW ce harshen da shagunan ɗab'i na garin nan suka fi ji, kuma a kwamfuta take zaune. Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da mai irin wannan sana'a zuwa alluna biyun farko.

Idan kaya ya iso, ko daga shago ko ta oda, a gwada shi kafin wa'adin mayarwa ya wuce. A sauke direba daga shafin kamfanin, a kuma cire na wani kamfani idan akwai shi a kwamfutar, domin direbobi biyu suna rikici har dannawa ta daina aiki. Sannan a ɗora rula a kan allon a karkace, a ja layi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa: alƙalami mai kyau zai ba da layi miƙaƙƙe, mai matsala kuma zai ba da layi mai ƙananan lanƙwasa a jere. A ja wani layin daga sassauci zuwa dannawa a ga ko kaurinsa yana ƙaruwa sannu a hankali ko tsalle yake yi, a kuma bi duk kusurwoyi huɗu ko akwai inda ya mutu. Mai sayen na hannu kada ya karɓi allo babu alƙalaminsa na asali, domin galibi na wani kamfani ba ya aiki a kan na wani, har a kamfani ɗaya ma ba kowanne ne ke bin kowane allo ba.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko matashin da yake da laftof kuma bai riga ya tabbatar ko zai daure da zanen ba, matsakaicin allo marar sikirin tare da Krita shi ne nasa, kuma a ganina mafi yawan masu tambaya a nan suke. Idan ya daina bayan wata biyu, asararsa kaɗan ce. Idan ya ci gaba, allon zai kai shi shekaru.

Wanda ba shi da kwamfuta kuma ba ya shirin saye, kada ya haɗa kuɗin laftof da na allo; Galaxy Tab mai S Pen ya fi masa sauƙi, musamman tela mai son nuna wa abokin ciniki fasalin ɗinki, ko mai zanen lalle da ke zuwa gidajen biki tana son amarya ta zaɓi zane kafin a fara. Idan kuɗin bai kai ba, ƙaramin allo da mahaɗin OTG a kan wayar da ke hannu zai riƙe shi na ɗan lokaci. iPad kuwa na wanda yake son Procreate ne takamaimai, kuma yake da wanda ya san kan kayan Apple da zai raka shi saye.

Allo mai sikirin na wanda ya riga ya fara cin abinci da zane ne: mai zana littattafan yara, ko mai barkwanci, ko mai zayyana da rubutun Larabci da yake son ganin bakin alƙalaminsa a kan kowane lanƙwasa, wanda yake da tebur na dindindin da wuta tsayayya. Shi kuma mai shagon da aikinsa jera rubutu ne da hotuna a katin gayyata da allon talla, linzami ya ishe shi a yawancin aikin; idan zai sayi allo don yanke hoto da sa hannu, ƙarami na dala 40 ya wadatar, sauran kuɗin kuma ya ƙara wa kwamfutarsa RAM.